Ingancin Sana'a: Hanyoyi Huɗu Daga Masana'antun Duniya

   

Yau hirarmu a kan inganci ce. Duk mai sana'a a cikin gida ta san irin ranar nan da yaro zai dawo da faranti da sauran kaya, ya ce an ce ƙuli-ƙulin yau bai kai na jiya ba, ko kunun aya ya yi tsami, ko kuma hular da aka kai ta matse mai ita. Mai shago a kasuwa yana ganin fuskar mai saye, in an yi kuskure ya ba da haƙuri nan take, ya canza kaya, a rabu ana dariya. Ke kuwa 'yar uwa kina cikin gida, kayanki ne suke magana a madadinki. In suka ɓata sau ɗaya sau biyu, mai saye ba zai aiko miki da saƙo ba, sai dai kawai ki ga ciniki ya ja baya ba ki san dalili ba. Da ɗan ribar nan kuwa ake zubin adashe, ake tara kayan ɗakin 'ya mace, wani lokacin ma har a tallafa wa maigida da cefane.

To wannan matsala ba a kanki aka fara ta ba. Manyan kamfanonin da suke ƙera motoci da na'urori sun sha fama da ita, har masanansu suka fito da hanyoyi na musamman na kyautata aiki. Yau za mu ɗauki guda huɗu da suka fi shahara, mu ji inda kowace ta samo asali da yadda take aiki, sannan mu jera su mu ga inda kowace ta fi ƙarfi da inda take da rauni.

Ta farko ita ce hanyar Deming. Lokacin da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ƙasar Japan a rushe take, kuma kayan da take fitarwa an san su da araha da rashin ƙarko. A 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin ƙasar ta gayyato wani Ba'amurke masanin ƙididdiga mai suna Edwards Deming, ya zo ya yi wa injiniyoyi da shugabannin kamfanoni lacca. Sun ji daɗin karatunsa ƙwarai, har a 1951 suka kafa lambar yabo ta inganci da sunansa, wadda ake bayarwa har yau.

Me ya koya musu? Abu na farko, ya ce jira sai an gama aiki sannan a zo ana tsince marasa kyau asara ce, domin an riga an kashe kuɗi da lokaci a kansu. Tun daga sayen kayan haɗi ya kamata a fara kula. Abu na biyu, ya ce mafi yawan kurakuran da ake gani a wurin aiki daga tsarin aikin suke fitowa, kuma gyaran tsari yana wuyan shugaba. A nan ina so iyayenmu mata su saurara da kyau. Sau nawa ake yi wa yarinya faɗa don awara ta ƙone, alhali kaskon ya siɗe, itacen ɗanye ne, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata iyakar zafin da mai ya kamata ya yi? Ko an canza yarinyar an sa wata, gobe ma awarar za ta ƙone.

Abu na uku shi ne zagayen matakai huɗu, wanda asalinsa daga malaminsa Walter Shewhart ne: ki shirya, ki gwada, ki duba, sannan ki zartar. A ce awararki wani lokaci tana yin tauri, wani lokaci tana dagargajewa. Sai ki shirya: gobe zan auna ruwan tsami da ludayi maimakon in zuba da ido. Ki gwada a kan rabin kwanon waken suya kawai, don ko bai yi ba asarar ba ta da yawa. Ki duba yadda ta fito. In ta yi kyau, wannan awon ya zama dokarki, in ba ta yi ba ki rage ko ki ƙara ki sake zagayowa. Sirrin abin shi ne a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. In kika canza wake, kika canza mai niƙa, kika canza ruwan tsami duk a rana ɗaya, ba za ki san wanne ne ya gyara ba, wanne ne ya ɓata.

Hanya ta biyu ta kamfanin Toyota ce, kuma za ku yi mamaki in na ce muku daga saƙa ta samo asali. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa a 1924 wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin motoci a 1937. Bayan yaƙi kamfanin ba shi da kuɗin da zai tara kaya jibgi kamar kamfanonin Amurka, sai wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno ya gina tsari a kan ginshiƙai biyu. Na ɗaya, da an ga aibi a tsaya a gyara, har ma an ba kowane ma'aikaci ikon jan wata igiya don ya kira shugabansa, in matsalar ba ta warware ba layin haɗa motoci ya tsaya. Na biyu, kada a yi abu sai wanda ake bukata, a lokacin da ake bukata, daidai adadin da ake bukata. Daga baya masu bincike a Amurka suka raɗa wa tsarin suna da wata kalma da ake kiran nama marar kitse da ita, wato aikin da aka yanke masa duk wani abin da ba shi da amfani.

Ohno ya lissafa ɓarna iri bakwai, kuma ina ganin kowace a cikinmu za ta gane su. Akwai yin abu fiye da bukata, kamar ki dama fura da yawa ta kwana ta yi tsami. Akwai jira, kin haɗa komai amma yaron da ya tafi niƙa bai dawo ba. Akwai jigilar kaya daga nan zuwa can ba dalili. Akwai aikin da mai saye bai nema ba kuma ba zai biya ba. Akwai jibge kaya, kuɗinki ya kwanta a cikinsu. Akwai kai-komo, wuƙa tana ɗaki, gishiri yana madafi, leda tana zaure. Sai na bakwai, kaya mai aibi da sai an sake ko a zubar.

A cikin dabarun Ohno akwai wadda nake so ƙwarai, wato tambayar "me ya sa" har sau biyar. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A ce man gyaɗarki ya fito da wani ɗan wari. Me ya sa? Akwai ruɓaɓɓiyar gyaɗa a ciki. Me ya sa ta ruɓe? Buhun ya sha danshi. Me ya sa ya sha danshi? A ƙasa aka ajiye shi, jikin bango. Me ya sa aka ajiye shi a ƙasa? Ba katakon ɗorawa. Me ya sa babu? An sayo buhuna da kaka ba a tanadi wurin ajiya ba. Kin ga ashe maganin ba ya wurin suya, yana wurin ajiya. Kuma wannan magana ta wuce ta riba kawai. Gyaɗa da masara in suka yi funfuna suna iya ɗaukar wata guba da likitoci suke kira afalatokzin, wadda aka tabbatar tana jawo ciwon dajin hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Don haka tsince baƙar gyaɗa da wadda ta yamutse kafin a soya, kare lafiyar 'ya'yan mutane ne da naki.

Japanawa suna da wata kalma, kaizen, ma'anarta gyara kaɗan-kaɗan kullum, kuma kowa da kowa a wurin aiki yana da bakin kawo shawara. Suna kuma da matakai biyar na shirya wurin aiki: ki ware abin da kike amfani da shi daga tarkace, ki ba kowane abu mazauninsa, ki share ki goge, ki mayar da hakan ƙa'ida, sannan ki dawwama a kai. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurin macen Bahaushe. Duk wadda ta taɓa jeren ɗakin amarya ta san kowane kwano da inda yake zama. Abin da ya rage shi ne a kai wannan tsari wurin sana'a.

Hanya ta uku daga Amurka ta fito, ana kiranta Sigima Shida. A 1986 wani injiniya mai suna Bill Smith na kamfanin Motorola ya fito da ita, lokacin da kayan lantarki na Japan suke ƙwace musu kasuwa. Sigima harafi ne na Girkanci da masu lissafi suke auna bambanci da shi, wato yadda abu yake kaucewa daga yadda ake so ya kasance. Burin tsarin shi ne kada aibi ya wuce 3.4 a cikin miliyan ɗaya. Wata za ta ce, ai in 99 cikin 100 suka yi kyau an gama. To ki lissafa: ɗaya cikin ɗari, in aka yi abu miliyan ɗaya, ya zama guda 10,000 marasa kyau. In magani ne fa, ko birkin mota?

Matakanta biyar ne: a fayyace matsalar, a auna ta, a binciko musabbabinta, a gyara, sannan a sa ido kada ta dawo. A 1995 Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric, ya rungume ta, daga nan ta bazu a duniya. Ana horar da ma'aikata na musamman a ba su muƙamai masu sunan ɗamara, mai koriyar ɗamara da mai baƙar ɗamara, kamar yadda ake yi a wasan kareti.

Babbar abokiyar gabar wannan tsari ita ce bambanci. Mai sayen turaren wutarki ba don ya fi na kowa a duniya take dawowa ba, tana dawowa ne don ta san ƙamshin da ta saya wancan watan shi za ta samu wannan watan. In yau kin zuba sukari da turare da yawa, gobe kin rage don sun yi tsada, kin karya wannan amincewar. Maganin bambanci awo ne da rubutu: gwangwani ɗaya, cokali ɗaya, ludayi ɗaya, da ɗan littafi. Mai ɗinki ta rubuta awon kowace mai kawo ɗinki, kada ta dogara da ka. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta ja layi-layi a takarda, ko ɗanta ɗan makaranta ya riƙa rubuta mata. In kika yi wata guda kina rubuta nawa kika yi, nawa aka sayar, nawa aka dawo da su da kuma dalili, za ki ga galibi abu ɗaya ko biyu ne suke jawo yawancin asararki. Su za ki fara tunkara.

Hanya ta huɗu ita ce ISO 9001. Wannan ma'auni ne da hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, mai hedikwata a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, ta fara fitarwa a 1987, aka yi masa manyan gyare-gyare a 2000 da 2015. A taƙaice abin da yake cewa shi ne: rubuta yadda kike aikinki, ki yi shi yadda kika rubuta, ki ajiye shaidar kin yi, in an kawo ƙorafi ki bi diddiginsa. Sai masu bincike daga waje su zo su duba, in sun gamsu su ba kamfani takardar shaida, wadda yawanci take yin shekara uku, ana kuma dawowa duk shekara a sake dubawa. Ku lura, tsarin gudanar da aiki ake ba wa wannan shaidar, ba kayan da kansu ba. A Najeriya hukumar SON ce take wakiltar ƙasa a waccan hukuma. Kada kuma a haɗa wannan da lambar NAFDAC. Ita hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, aikinta kula da abinci da magani da kayan kwalliya ne, kuma rajista da ita doka ce ga mai son ƙulla abinci ko abin sha a mazubi da suna ta kai shaguna.

To yanzu bari mu jera su. Kowace da tambayar da take yi. Hanyar Deming tana tambaya, me ke damun tsarin namu? Ta Toyota tana tambaya, ina ɓarna take? Sigima Shida tana tambaya, me ya sa na yau ya bambanta da na jiya? ISO kuma tana tambaya, ina shaidar da wanda bai san mu ba zai yarda da mu?

Ta fuskar kuɗi, hanyar Deming da ta Toyota ba sa bukatar komai sai lura da haƙuri, yau ma za ki iya farawa. Sigima Shida cikakkiya tana bukatar ƙwararru da alƙaluma masu yawa, shi ya sa ta fi dacewa da masana'antar da take yin abu dubu-dubai. ISO kuwa sai an biya masu bincike, ga tarin takardu. Ta fuskar masu yin aikin, a tsarin Toyota kowa da kowa ne, har mai shara, a Sigima Shida kuwa ƙwararru kaɗan ne suke jan ragama. Saboda kowace tana cike giɓin 'yar uwarta, kamfanoni da yawa sukan haɗa ta Toyota da Sigima Shida su yi aiki da su tare.

Amma fa kowace da rauninta. Tsarin ƙin jibge kaya yana tafiya daidai ne in kana da tabbacin samun kaya duk lokacin da ka nema. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka auka wa Japan a 2011 sun katse wa Toyota samun wasu kayan haɗi na tsawon watanni, daga nan kamfanin ya fara tanadin muhimman abubuwa. Mu a nan kowa ya san gyaɗa da wake da gero sun fi araha da kaka, su yi tsada da damina. Saboda haka sayen gyaɗa da kaka hikima ce, in akwai busasshen wurin ajiya. Abin da ba za ki jibge ba shi ne dafaffe mai lalacewa, irin su fura da zoɓo da kunun aya. Toyota ɗin ma dai, tsakanin 2009 da 2010, sai da ya janye miliyoyin motoci don a gyara, kuma shugabansa na lokacin, Akio Toyoda, ya faɗa wa majalisar dokokin Amurka cewa saurin bunƙasar kamfanin ya yi yawa. Wannan darasi ne gare mu lokacin sallah da bukukuwa. Mai ɗinkin da ƙarfinta kala ashirin ne ta karɓi arba'in, ƙarshenta a yi ɗinkin gaggawa, a saɓa alƙawari, a rasa masu kawo ɗinkin da aka yi shekaru ana tare.

Sigima Shida kuma an zarge ta da cewa tsananin awo yana daƙile ƙirƙira, domin mai neman sabon abu dole ya yi ta gwaji yana kuskure. Ki tsare awonki a abin da kike sayarwa kullum, amma ki ware ɗan kaɗan na gwada sabon haɗi. Raunin ISO shi ne ana iya cika takardu tsaf alhali kayan ba su da wani armashi, tunda tsari aka duba. Hanyar Deming kuwa tana son dogon haƙuri, kuma ba ta tafiya sai shugaba ya yarda a fara bincike daga kansa.

To wacce za ki ɗauka? In ke kaɗai ce da 'ya'yanki, fara da shirya wurin aiki da farautar ɓarna, ki haɗa da awo ɗaya da ɗan littafi. In kina da masu taya ki, ko kuna aiki tare da abokiyar zamanki ko matan gida, to ku tsayar da hanya ɗaya ta yin aikin wadda kowa ya sani, don kada a gane na wance daban na wance daban, kuma ku saba da zama kuna tambayar me ya sa ba tare da neman mai laifi ba. In kuwa ƙungiya ce ta mata mai son kai kaya manyan shaguna ko wasu garuruwa, nan ne maganar rubuta tsari da neman rajista take shigowa, kuma a nan sai a nemi haɗin kan mazajenmu wajen zirga-zirgar ofisoshi.

Kada mu manta da yaran da ake aike. Su ne suke jin abin da masu saye suke faɗa. In yaro ya san duk ranar da ya kawo ƙorafi faɗa zai sha, sai ya yi shiru, ke kuma ki rasa labarin da ya fi komai amfani gare ki. Ki tambaye shi cikin lalama: wa ya saya, me ya ce, wa ya ƙi saye? Yanzu da waya ta wadata, ki kira mai sayen kayanki ki ji ta bakinta. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Duk wannan da muka faɗa, addininmu ya riga ya horar da mu a kan cika mudu da barin algus, akwai ma sura guda a Alƙur'ani mai girma da ta yi kashedi ga masu tauye awo. Abin da waɗannan hanyoyi suka ƙara mana shi ne dabarar yadda mai kyakkyawar niyya za ta kauce wa kuskuren da ba ta yi nufi ba.

Ga ɗan aikin gida kafin mako mai zuwa. Ki zaɓi matsala ɗaya tak da take yawan dawowa a sana'arki. Ki yi kwana bakwai kina rubuta duk lokacin da ta faru. Ki tambayi kanki me ya sa har sau biyar, sannan ki canza abu ɗaya ki ga abin da zai biyo baya. Wadda ta gwada ta aiko mana da wasiƙa ko saƙon waya, za mu karanta don sauran 'yan uwa su amfana.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuriya, ya bar mu lafiya da mazajenmu. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.